Shiru a tsakiyar hayaniyar Legas: tambayoyin da ake yawan yi min kan natsuwa da kwanciyar hankali

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a Mile 12 ina kwana a Agege, bana shekarata goma sha uku a Ikko. Akwai shekarar da motar albasata da ta taso daga Aliero ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, kwana biyar tana tsaye ruwan sama na dukanta, kafin ta iso rabin kayan ya ruɓe, kuma kuɗin ba nawa bane ni kaɗai akwai na mutane a ciki. Na yi wajen wata biyu bana barcin kirki, in na kwanta sai in dinga jin bugun zuciyata a cikin kunnena. Da na je asibiti aka ce jinina ya hau aka bani magani, sai likitan ya tambaye ni, yace Alhaji a yini ɗaya minti nawa kake zama baka magana kuma baka riƙe da waya? Na rasa abin da zan ce masa. Daga ranar na fara koyon zama shiru, na tambayi malamai na kuma karanta abin da na samu. Abokan kasuwa da ƴan uwa da suka ga na canza suna yawan yi min tambayoyi, shi ne na tattara su a nan.

Wai me ake nufi da wannan natsuwar da kake ta faɗa?

Hankalinka ya kasance a inda jikinka yake. Shi kenan fa. Malamai suna ce masa halartar zuciya. Ka duba kanka da kyau, kana shan shayi a teburin mai shayi amma hankalinka yana gida wajen ginin da ya tsaya, kana salla hankalinka yana kan wanda ya karɓi buhu goma bai biya ba, ka kwanta kusa da iyalinka amma kana ta maimaita rigimar da kuka yi da kwandasta tun da safe. Jiki a Legas, zuciya a wuri goma. A shekarar 2010 wasu masana biyu a jami'ar Harbad ta Amurka sun bi diddigin mutum 2,250 ta waya suna tambayarsu a lokuta daban daban me suke yi kuma me suke tunani, suka gano kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a lokacin da hankalin ya tafi yawo sun fi rashin walwala. Da na ji wannan ban yi mamaki ba ko kaɗan, don ni na san nawa ya fi haka a wancan lokacin.

Haba Yaya, a Legas ɗin nan ina mutum zai samu shiru?

Wannan ƙanena ne ya tambaya kuma yana da gaskiya. Janareto ta hagu janareto ta dama, lasifikar coci da ta masallaci da ta mai sayar da magani, motocin haya da ake ce wa danfo na danna hon ba dalili, mu a Agege ga jiniyar jirgin ƙasa kuma. Ita kanta gwamnati ta san matsala ce, hukumar kare muhalli ta jiha wato LASEPA ta sa iyaka a unguwannin zama, desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana 45 da dare, alhali hirar mutum biyu kawai tana kai wajen 60. A 2014 zamanin gwamna Fashola har rana guda aka ware, 15 ga Oktoba, aka ce kada kowa ya danna hon, a 2016 kuma aka rufe coci 70 da masallaci 20 saboda ƙara. Yau ka fita Oshodi ka saurara ka gaya min abin da ya ragu.

Toh in shirun gari kake jira ba zaka same shi ba sai ka koma gida Arewa, can ɗin ma yanzu da sauƙi ne kawai. Shirun da nake magana naka ne, bakinka ya yi shiru, wayarka ta yi shiru, ƙarar waje kuma ka barta ta wuce kamar yadda kake barin ruwan sama ya daki kwano. Duk da haka akwai ɗan lokaci da garin kansa yake lafawa. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, maƙwabta sun kashe janareto don man ya ƙare, ina fitowa da buta in zauna a kan dakalin ƙofar ɗakinmu, siminti da sanyinsa, ƙamshin burodi na tasowa daga gidan burodin bayan layinmu, wani zakara can nesa, ruwan alwala na ɗiga daga gemuna. Minti goma kafin ladan ya kira. Wallahi wannan minti goman shi yake riƙe ni har la'asar.

Malam, wannan ba addinin wasu bane aka shigo mana da shi ta bayan gida?

Tambaya ce mai kyau kuma ban ga laifin mai yinta ba. Gaskiyar magana tsarin da asibitocin turawa suke koyarwa yanzu wani masani Jon Kabat-Zinn ne ya fara shi a 1979 a makarantar likitanci ta jami'ar Masachusets, kwas ne na sati takwas don masu ciwo mai naci da damuwa, kuma daga zaman tunani na mabiya Buda ya ɗebo dabarar ya cire ɓangaren bauta. Wannan tarihinsa ne, ba sai mun rufe shi ba.

Amma zama shiru da tattara hankali ba wani ne ya ƙirƙiro mana ba. Manzon Allah (SAW) yana keɓewa a kogon Hira kwana da kwanaki tun kafin wahayi ya sauka. I'itikafi na goman ƙarshen azumi mene ne in ba janye jiki daga surutun duniya ba? Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, yaro ɗan islamiyya ma ya haddace shi. Sannan Suratur Ra'ad aya ta 28, da ambaton Allah ne zukata suke natsuwa. Ƴan uwanmu kiristoci da muke kasuwa ɗaya su ma suna da nasu, a Zabura ta 46 an ce ku yi shiru ku sani ni ne Allah. Ni abin da na ɗauka wajen likitoci shi ne yadda ake sarrafa numfashi, wannan kuwa aikin jiki ne kamar motsa jiki, abin da nake cika zuciyata da shi kuma zikiri ne da na gada. Ba wata kalma da nake maimaitawa wadda ban san ma'anarta ba, duk wanda aka bashi irin wannan yace a'a.

Kuma a kula, addini bai yarda mutum ya mayar da ƙin magana wata ibada ta daban ba. Akwai sahabin da ya yi bakance zai tsaya a rana ba zai zauna ba ba zai yi magana ba yana azumi, Annabi (SAW) yace a gaya masa ya yi magana ya shiga inuwa ya zauna ya cika azuminsa.

Toh a aikace yaya ake yi?

Ka samu wuri ka zauna, tabarma ko benci ko kan buhu duk ɗaya ne, bayanka a miƙe ba tare da ka ƙage ba. Wayar ka kife ta nesa da hannunka. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, cikinka ne zai dinga tashi da sauka ba kafaɗa ba. Wannan zai baka numfashi wajen shida a minti ɗaya. Dalilin da ya sa fitarwar ta fi tsawo shi ne a lokacin fitar da numfashi bugun zuciya yana ɗan raguwa, jijiyoyin da ke kula da hutun jiki su ke karɓar aiki daga waɗanda ke sa mutum shirin faɗa ko gudu. Mu kuwa a garin nan daga fitowa har komawa a shirin faɗa jikinmu yake.

Bayan numfashi kamar goma sai ka bar ƙirgan. Ka saurari abin da ke kusa da kai ba tare da ka yanke masa hukunci ba, fanka, takun mutane, janareton can. Ka ji nauyin jikinka a ƙasa. In kana so ka ɗora istigfari ko hailala ko salati a kan numfashin, a hankali, kana jin kowace kalma, ba irin jan carbin da muke yi muna ciniki ba. Minti biyar ya isa a farko. Kar ka ce zaka fara da awa guda, kwana biyu zaka yi ka watsar.

Na gwada, amma ina zama sai tunani ya taso min kamar kasuwa. Ko dai ni ba zan iya bane?

Kowa haka ne ɗan uwa, tunanin dama yana nan hayaniya ce ta rufe shi, yanzu ne ka ji shi. A 2014 a jami'ar Birjiniya an zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki ba waya ba littafi na ƴan mintoci da ba su wuce 15 ba, aka ajiye musu wani maɓalli da in sun danna lantarki zai ɗan ja su, kashi biyu cikin uku na mazan da kashi ɗaya cikin huɗu na matan suka gwammace su danna da su zauna haka nan da tunaninsu. Kaga ashe ba kai kaɗai bane.

Ba a ce ka kori tunani ba, ba zai koru ba. In ka farga hankalinka ya tafi wajen kuɗin haya, kace a zuci toh ga tunanin haya nan, ka dawo kan numfashi. Zai sake tafiya, ka sake dawo da shi, ko sau hamsin ne, ba zagin kai ba jin haushi, kamar yadda makiyayi ke maido da tunkiyar da ta ratse ba tare da ya karya mata ƙafa ba. Dawowar nan ita ce aikin gaba ɗaya.

Salla biyar ba ta isa ba?

Ta isa har ta yi yawa, in sallar muke yi. Nan ne ma abin ya fi taɓa ni. Ka tuna mutumin da ya shigo masallaci ya yi salla Annabi (SAW) yace masa koma ka yi salla don baka yi salla ba, har sau uku, sannan ya koya masa ya yi ruku'u har sai ya natsu, ya ɗago har sai ya daidaita, ya yi sujada har sai ya natsu. Yanzu ka tsaya a masallacin kasuwa da azahar ka kalle mu, ni ma ina ciki shekara da shekaru, raka'a huɗu a minti biyu ido na kan rumfa kar mai saye ya wuce, ana sallama an zaro waya tun kafin a yi istigfari uku. Annabi (SAW) cewa yake ya Bilal hutar da mu da ita, mu kuma so muke mu huta daga ita.

Abin da na canza ƙarami ne. Ina zuwa da minti biyu ko uku kafin a tada iƙama in zauna ba magana. A kowace sujada ina bari sai na ji goshina ya zauna sosai a ƙasa kafin in fara tasbihi. Bayan sallama bana tashi sai na gama zikirin bayan salla a zaune a inda nake. Duka duka bai ƙara min minti biyar ba, kuma ban taɓa rasa cinikin da Allah ya rubuta min saboda shi ba. Zaman shirun asuba ɗin ma amfaninsa babba shi ne ya koya min gane lokacin da hankalina ya fita daga salla.

A cikin gosulo fa?

Nan ne makaranta. Daga Ojota zuwa Ketu tafiyar da ba ta kai komai ba wani lokaci sai ta ci awa guda, an matse ka a danfo gwiwarka na dukan ƙarfen kujerar gaba, zufa, hayaƙi, direba na zagin wani direba. Tsakin da zaka ja ba zai matsar da motar ko taku ɗaya ba. Ka saki kafaɗunka, ka saki haƙoran da ka datse baka sani ba, ka yi numfashin nan goma. Amma idonka biyu, hannunka kan aljihunka, Legas ce. In kai ne ke tuƙi ko kana kan babur kada ka kuskura ka rufe ido, natsuwarka ita ce hankalinka ya tsaya kan titi.

Dole sai na rabu da waya?

A'a, da ita muke cin abinci, da ita ake gaya min farashi daga Sakkwato. Ni ƙa'ida biyu kawai na sa wa kaina, bana buɗe data sai bayan na dawo daga sallar asuba, kuma waya ba ta hawa katifa da ni. WhatsApp da TikTok da Facebook za su jira.

Mu mata fa, ɗaki ɗaya da yara huɗu, ga girki ga wanki ga layin ruwa?

Matar maƙwabcina ce ta aiko uwargidana da wannan, kuma gaskiya ta fi tamu wuya. Gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, kicin ɗaya bayi ɗaya, mace ba ta da ƙofar da za ta rufe tace kar a dame ta. Hajiya abin da zan ce, ba sai kin samu ɗaki ba, aikin da ke hannunki ma ya isa. Kina tsince shinkafa, ki bar hankalinki a kan shinkafar, yadda take zuba tsakanin yatsunki, ƙararta a cikin tire. Kina shayar da jariri ki ajiye wayar ki kalle shi ki ji numfashinsa. Bayan yara sun tafi makaranta kafin ki ɗau tsintsiya ki zauna kan sallaya minti biyar, sharar ba inda za ta.

Mu maza kuma magana ta dawo kanmu. Ba daidai bane ka dawo ka ci abinci ka fice majalisa har sha ɗaya na dare sannan kace matarka ta cika faɗa. Ka ɗebi yaran ka fita da su ko rabin awa ne ranar Lahadi, ka barta ta ji shirun ɗakinta ita ma. Na fara yin haka kuma na ga bambanci a gidana da idona.

Wanda bai da kuɗin haya, ko an ƙwace masa babur, zama shiru zai biya masa?

Ba zai biya ba, kuma duk wanda yace maka zai biya ƙarya yake. Tun da aka hana okada a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 na san yara da yawa da suka shiga halin da ba zan iya ce musu ku zauna ku yi numfashi kawai ba, aiki suke buƙata da ɗan jari, kuma haƙƙin masu hali ne a cikinmu su duba su. Ni ma zaman shiru bai dawo min da albasar da ta ruɓe ba, sai da na yi shekara biyu ina biyan mutane.

Abin da ya yi min shi ne ya raba ni da bashin na ƴan mintoci har na iya kallonsa daga gefe. Kafin nan guje wa masu kuɗin nake in ga kira in ƙi ɗauka, dare ya yi in kasa barci. Da kaina ya ɗan lafa sai na ɗau biro na rubuta sunan kowa da abin da yake bina, na bi su ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu gaskiya, mafi yawansu suka ɗaga min ƙafa. Akwai kuma hadisin Tirmizi da na riƙe a lokacin, wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Kowace asuba a kan dakalin nan sai in ƙirga ukun in ga suna nan.

Ashe dai haƙuri ne kawai, mutum ya haɗiye komai ya yi shiru?

A'a, kuma wannan ina so a fahimce shi da kyau don mu Hausawa muna da wannan ciwon. Akwai shirun da ake yi lokacin fushi, wannan sunna ce, an ce in ɗayanku ya yi fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, don magana zarar bunu ce. Wannan na ɗan lokaci ne, wutar ta mutu sannan a zauna a yi magana. Amma akwai shirun gaba, miji ya yi sati baya ce wa matarsa uffan yana ganin shi ne mai haƙuri, wannan azabtarwa ce, kuma bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba. Akwai kuma shirun wanda ake zalunta, matar da ake duka, yaron shago da aka cinye wa haƙƙi, ana ce musu ku yi haƙuri ku yi shiru. Ba wannan nake kira ba ko kusa. Wanda ake cuta ya faɗa wa wanda zai iya tsaya masa, iyaye ne ko liman ko sarkin Hausawan unguwa ko hukuma.

Yaushe ne abin ya wuce zama shiru, sai an je asibiti?

In ka kai sati biyu kullum ranka a ɓace, abin da kake so da yanzu baya burge ka, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci baya shiga, ko kana jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka je ka ga likita. In tunanin cutar da kanka ya zo maka kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a daren kuma a kira lambar gaggawa 112. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai asibitin koyarwa na jami'ar Legas wato LUTH a Idi Araba kusa da ƴan uwanmu, kuma zuwa can ba hauka bane ba raunin imani bane, ka yi addu'arka ka sha maganinka. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali a gida, harin ƴan bindiga ko na Boko Haram, wani lokaci in ya rufe ido abin ne yake dawo masa sabo, irin wannan ya bar idonsa a buɗe ya taƙaita zaman, in abin ya ci gaba ya daina ya nemi likita. Masu hawan jini kuma don Allah kar wani ya ajiye ƙwayarsa yace ya koyi numfashi, ni har yau ina shan tawa kowace safiya kuma ina zuwa awo.

Kwana nawa kafin in ga canji?

Ni sai da na yi wajen wata guda ban ga komai ba, kuma ba ni ne ma na fara lura ba. Wata rana ana sauke kaya wani ɗan dako ya saki buhu ya fashe albasa ta watse cikin taɓo, na buɗe baki zan yi abin da na saba sai na ji ƙirjina ya ɗau zafi, na tsaya na saki numfashi ɗaya, nace masa ya ɗauko kwando mu tsince. Yaron shagona ya tsaya yana kallona, da yamma muna rufewa yace Alhaji lafiya kuwa yau? Nace lafiya lau, ya miƙo min makulli.